Kafin Mu Ce Inji Ya Mutu, Mu Bi Sawun Mai



Maganarmu ta wannan fitowa a kan inji ce, musamman tsohon injin nan da ake ratayawa a bayan kwale-kwale. Wani zai ce, ina ruwan manomin Bacirawa da injin jirgi, mu da ba mu da kogi? To, ai kowa ya san gonakinmu na wannan yanki ƙanana ne, mutane kuwa sun yi yawa. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya biyar ke rabonta, ga gine-ginen birni suna cin ta ta gefe. Saboda haka da rani ya kama sai ido ya koma wajen ruwa. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka soma tare koguna a Jihar Kano. An gama madatsar Tiga a 1974, aka yi ta Tomas wajen Dambatta, da ta Wasai a kan kogin Jakara, da ta Watari a Bagwai, daga baya kuma aka gama ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992. A bakin waɗannan ruwaye ake lambu, ake su, ake fito da mutane da kaya. Duk ƙungiyar da aikinta ya kai can ta san inji. Wadda ba ta da na jirgi tana da na ban-ruwa, ciwonsu kuwa kusan ɗaya ne.

Ga abin da muke so mu faɗa. A iyakar abin da muke gani wajen zagayen aikinmu, yawancin injunan da ake cewa sun mutu yunwa ce kawai ke damunsu. Ko dai mai ba ya isa inda ya kamata, ko kuwa yana isa tare da ruwa da datti. Gyaran wannan sau da yawa bai kai kuɗin buhun taki ba. Duk da haka sai ka ga ƙungiya ta sayar da injinta da araha, ko ta ci bashi don sayen sabo, domin ba wanda ya zauna ya bi sawun man nan daga tanki har cikin inji. Ra'ayinmu shi ne, kada wata ƙungiya ta kai inji wurin makaniki, balle ta sa shi a kasuwa, sai ta yi wannan bincike da kanta. Kowace ƙungiya kuma ta naɗa mutum ɗaya wanda inji da mansa za su zama a wuyansa.

Hanyar da mai ke bi

Kafin mutum ya yi gyara, tilas ne ya san yadda abin ke aiki. Hanyar mai gajeriya ce, yaro ma zai iya haddace ta.

Mai yana zaune cikin tanki a ƙasan jirgi. A kan murfin tankin akwai ɗan sukuru wanda in an kwance shi iska ke shiga, domin in mai ya fita dole iska ta maye gurbinsa. Daga tanki sai tiyo, a tsakiyarsa akwai 'yar ƙwallon roba wadda ake matsawa don a jawo mai kafin a ta da inji. Daga nan man ya shiga inji ta wani mahaɗi, ya bi ta matata, ya isa famfon mai. Famfon nan ba wani abu ba ne illa 'yar siririyar fatar roba wadda numfashin inji ke motsa ta gaba da baya. Ita ke tura mai zuwa kafireto. A ƙasan kafireto akwai ɗan kasko, cikinsa da wani ɗan abu mai iyo kamar gora, wanda in kaskon ya cika yakan tashi ya tura allura ta toshe hanya. Daga kaskon man yakan bi ta wasu 'yan ƙofofi ƙanana kamar kafar allura, makanikai suna ce musu jet, ya gauraya da iska, ya shiga inda fulogi ke kunna shi. Shi ke nan.

Injin ban-ruwa ma haka yake, sai dai shi tankinsa a bisa yake, man yana gangarowa da kansa ta ɗan famfon buɗewa da rufewa, ba ya bukatar ƙwallon roba.

Akwai bambanci ɗaya wanda lalle mu riƙe. Tsohon injin jirgi ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam. Ana gauraya masa shi ne cikin fetur, kamar ƙaramin janareton nan na gida. Watau da man da yake ƙonawa, da wanda ke shafe fistin da zobbansa don kada su goge juna, duk ta hanya guda suke shiga. In fetur ya ragu, baƙin mai ma ya ragu. Abin da ya sa ke nan toshewar jet, wadda za a iya gyarawa cikin rabin sa'a, in aka ƙyale ta aka ci gaba da tilasta wa inji, sai ta ƙare da ƙonewar fistin. Ƙaramin ciwo ya zama babba, kuɗin gyara ya ninka sau da yawa.

Yadda za a bi sawu

Ƙa'idar ita ce a fara daga mai sauƙi, a fara daga tanki, kada a tsallake ko ɗaya. Kada kuma a ta da injin jirgi a kan tudu ba ruwa, gama 'yar robar da ke jawo ruwan sanyaya shi za ta ƙone nan take. A rataya shi cikin duro mai ruwa, a fili, nesa da wuta, da fitila, da mai shan taba.

Na ɗaya, murfin tanki. In inji ya tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci ya mutu, a buɗe murfi a saurara. In aka ji iska ta yi tsaki ta shiga, ko aka ga gefen tankin ya lotsa ciki, to ƙofar iska ce a rufe, ko ƙura ta toshe ta. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na biyu, man kansa. A cire mahaɗi, a matsa ƙwallo, a tari mai cikin farar kwalba mai tsabta, a ajiye shi ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in akwai shi za a gan shi ya taru a gindin kwalba, da layi a tsakaninsu. Tsatsa da yashi ma can za su kwanta. In man ya yi duhu, yana wari kamar tsohon fenti, ya daɗe ke nan, a kawar da shi. Kada a zubar cikin ruwa ko a lambu. Kada kuma kowa ya zuƙi fetur da baki.

Na uku, ƙwallon roba da tiyo. A jikin ƙwallon akwai kibiya, dole ta nuna wajen inji. A matsa ta har ta yi tauri. In ta ƙi yin tauri, akwai inda iska ke shiga ko mai ke fita: tiyo ya tsage, ko mahaɗi ya saki, ko ita ƙwallon ta gaji. In kuwa inji na aiki sai ta shanye ta manne, toshewar tana bayanta ne, wajen tanki. Rana irin tamu tana busar da roba, tiyo yakan yi kyau a ido alhali cikinsa yana marmashewa.

Na huɗu, matata. A kwance, a wanke da fetur mai tsabta, a mayar da robarta daidai. In ta yage a sake wata. Mun sha ganin inda aka cire matata aka yar wai don mai ya riƙa gudu sosai. Wannan daidai yake da cire ƙyauren rumbu don hatsi ya sha iska.

Na biyar, famfon mai. In inji ya soma shaƙewa, aka matsa ƙwallo ya farfaɗo, aka bari ya sāke shaƙewa, to fatar famfo ta huje ko ta sandare. Ana sayar da ita ita kaɗai, ba sai an sayi famfon duka ba.

Na shida, kafireto. In inji ba ya zama sai an ja masa cok, ko yana tafiya a hankali amma da an ba shi wuta sai ya nutse, jet ne ya toshe. In kuwa mai na zuba ta bakin kafireto, allurar nan ce ba ta rufewa, ko gorar ta sha mai ta nutse. A shimfiɗa farin ƙyalle, a kwance a hankali, a jera komai bi da bi yadda aka cire shi. A wanke jet da fetur, a hura da famfon keke, a ɗaga shi wajen rana a ga ko haske na wucewa. Kada a zura masa allura ko wayar ƙarfe. Jet da tagulla aka yi shi, ƙarfe yakan faɗaɗa ƙofar, daga ran nan kuwa inji zai riƙa shan mai fiye da kima har abada.

Fulogi shi ne mashaidi. Bayan an ja igiya sau da dama inji bai tashi ba, a cire shi a duba. In a bushe yake, mai bai iso ba, a koma baya a sāke bin sawu. In a jiƙe yake, mai ya iso, sai a duba ko yana ba da wuta. Na injin da ke da lafiya launinsa kamar ƙasa-ƙasa yake. Baƙi mai danƙo yana nuna mai ya yi yawa. Fari fat yana nuna yunwa, wannan kuwa shi ya fi hatsari.

In an bi duk waɗannan, mai na isowa, wuta na nan, inji bai tashi ba, ko kuma igiya ta yi sakwaf ba ta da nauyi a hannu, to nan ne iyakarmu. A kai wa makaniki, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ba muna zargin makanikai ba ne. Amma wanda ya je ya ce, "Malam, fulogi a bushe yake, mun sāke tiyo, mun wanke matata," ba za a caje shi daidai da wanda ya sauke inji ya ce, "Ga shi nan, ya lalace" ba. Na biyun ya ba da izini a farke komai.

Daga ina dattin ke zuwa?

Daga wurinmu yake zuwa, 'yan'uwa. Jarkar da aka ɗebo ruwa da ita jiya, ita ake sayo fetur da ita yau. Ana zuba mai a bakin ruwa da hunturu, iska na kaɗa ƙura, ba mazurari ba ƙyalle. Tankin ƙarfe da aka bari rabi ba mai yakan yi gumi a ciki da sanyin dare, gumin ya kwanta ƙasa, ya haifi tsatsa. In aiki ya ƙare aka jingine inji wata uku ko huɗu da mai cikin kafireto, fetur ɗin yakan bushe ya bar danƙo cikin jet. Ran da aka tashi bukatarsa sai a ce an yi masa baki.

Sauran kuma daga kasuwa yake. A Fabrairun 2022 hukumar gwamnati da kanta ta ba da sanarwa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin mitanol, wani dangin barasa, fiye da yadda doka ta yarda. Irin wannan sinadari yana jawo ruwa, yana kuma cin roba, balle robar tsohon inji wadda ba a yi ta dominsa ba. In haka ta iya faruwa da man da ya biyo ta babbar hanya, yaya wanda ake sayarwa a galan a bakin titi? Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haye Naira 1,000 a wurare da yawa. Duk lokacin da abu ya yi tsada, mai algus yakan sami kasuwa. Ba duk 'yan bumburutu ne ke gauraya mai ba, da yawansu maƙwabtanmu ne masu neman abinci. Amma ƙungiya ba ta da hanyar sanin inda man galan ya fito.

Sai kuma gaurin baƙin mai, wanda da yawa ke yi da ido. Kowane inji da ma'auninsa. Johnson da Evinrude na Amurka, waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa gaba, kashi 1 cikin 50 suke so, watau rabin lita na baƙin mai cikin jarka mai lita 25. Waɗanda suka riga su lita ɗaya suke sha cikin lita 24. Tsofaffin Seagull na Ingila kuwa har kashi 1 cikin 10. A nemi ma'aunin naku, a sami kwalba a yi mata zane, a ɗaure ta jikin jarka. A nemi man da aka yi domin injin jirgi, wanda ke da rubutun TC-W3 a jikin gwangwani. Yawancin injunan ban-ruwa kuwa ba a gauraya musu, suna da wurin baƙin mai dabam. Ƙungiyar da ke da iri biyun ta shafa wa jarkar gauraye jan fenti.

Masu cewa a sayar

A taro akan sami masu cewa, "Me ya sa za mu wahala da tsohon ƙarfe? Yana shan mai, kayan gyaransa kuma sun yi wuya." Suna da gaskiya ta wani fanni, kada mu raina su. Irin wannan inji yakan fitar da wani kashi na mansa ta bututun hayaƙi ba tare da ya ƙone ba, sababbi marasa gauri sun fi shi tsimi. An daina ƙera Seagull a 1996. Kamfanin da ke yin Johnson da Evinrude ya karye a shekarar 2000, wanda ya saye shi kuma ya daina yin Evinrude a 2020. Saboda haka in fistin ko giyar irin waɗannan ta lalace, neman wata aiki ne. Mai tsohon Yamaha ya fi samun sauƙi.

Amma ga tamu amsar. Da fari, abubuwan da ke lalacewa a hanyar mai, watau tiyo, da ƙwallo, da matata, da fulogi, ba su da wuyar samu, na wani inji yakan shiga wani. Na biyu, tsohon inji da sifana da sukundireba ake gyara shi a bakin ruwa, da tsohuwar zuma kuwa ake magani. Na uku, wanda ya fi duka, sabon inji ma daga jarkar nan zai sha. Ƙungiyar da ta kashe tsoho da ruwa da ƙura za ta kashe sabo da su, sai dai wannan karon da bashi a kanta. In lissafi ya nuna lokacin sāke inji ya yi, a sāke, amma da littafi a hannu, ba don fushin rana ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1980, lokacin da hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa suka soma maye gurbin jigo a fadamu, mun ga injuna da yawa sun shigo ƙasar nan. Wanda ya daɗe a cikinsu shi ne wanda ke da mai kula.

Ruwa ba hanyar mota ba ne

In injin ban-ruwa ya tsaya a makon da tumatir ke fure, hasarar ta kuɗi ce, tana da zafi amma ana tashi. In injin jirgi ya tsaya a tsakiyar ruwa, iska ta taso, jirgin yakan juya ya ba igiyar ruwa gefensa, hasarar kuwa ta rai ce. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta, 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Abin da aka ba da labari shi ne lodi ya yi wa jirgin yawa. Mun kawo wannan ne don mu tuna cewa ruwayen nan na kusa da mu suna da zurfi, ba sa yafe sakaci kowane iri ne. Kada jirgin ƙungiya ya bar gaɓa da injin da ke tari. Kada ya tashi ba filafili biyu, da abin kwarfar ruwa, da rigunan kariya. Kada a ƙara mutum ɗaya bisa abin da jirgi zai ɗauka, ko da dattijon ikilisiya ne ya roƙa.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

Kayan kowa, ba na kowa ba ne. Wannan shi ne tushen ciwon. Mai keke yana goge kekensa kowace safiya, amma injin ƙungiya wanda ya gama aiki sai ya jingine ya tafi. Don haka muna roƙo a yi waɗannan a taro mai zuwa.

A zaɓi mai kula da inji, da mataimakinsa daga cikin matasa, mace ko namiji. A yanka musu ɗan lada daga kuɗin hayar inji. Ba wanda zai ɗauki inji ko ya mayar sai ta hannunsu.

A riƙa sayen mai tare, daga gidan mai guda wanda aka yarda da shi, cikin jarkar da ba a zuba mata komai sai fetur. A tace da mazurari da ƙyalle mai tsabta. Kada a saya fiye da abin da za a ƙarar cikin wata ɗaya.

A sayi littafi. A rubuta rana, da wanda ya ɗauka, da litar da aka zuba, da sa'o'in aiki, da abin da aka sāke. Ma'aji ya karanta shi a kowane taro. Littafin nan shi zai raba gardama ran da aka soma nuna wa juna yatsa.

A ajiye ɗan akwati da fulogi biyu, da tiyo, da ƙwallon roba, da fatar famfo, da sifanar fulogi, da farar kwalba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In za a jingine inji, a cire tiyo a bar shi ya ƙone sauran man da ke ciki, a tsiyaye kaskon kafireto, a juye tanki, a lulluɓe inji a ɗaki.

'Yan'uwa, kuɗin da aka sayi injin nan daga gumin gwauraye da matasa da tsofaffi ya fito, kwabo-kwabo aka tara shi. Amana ce, za mu kuwa ba da lissafinta. Mu tuna waɗansu daga cikin almajiran Ubangijinmu na fari masunta ne, sa'ad da ya kira su kuma suna cikin jirgi suna gyaran tarunansu. Gyaran kayan aiki ba ƙaramin abu ba ne a gaban Allah. Duk ƙungiyar da ke so mu zo mu kwance kafireto tare da matasanta, ta aiko ta hannun fastonta ko mai bishara, ta tanadi duro da ruwa da farin ƙyalle.

Ubangiji ya sa wa aikin hannuwanmu albarka, ya kiyaye masu fita kan ruwa. Amin.